JAWABIN KWAMITIN ILIMI GA SABABBIN ƊALIBANMU NA JAMI'A: KU FARA DA ƘOFAR LABURARE

 

Kowace shekara mukan taru a nan mu miƙa wa ɗalibanmu ɗan abin da ya sawwaƙa na tallafi, mu yi musu addu'a, mu sallame su. Bana kwamitin ilimi ya ga ya dace mu haɗa musu da guzuri na biyu, wato bayani a kan wani gini da kuɗin rajistarsu ya riga ya buɗe musu ƙofarsa, amma da yawansu ba sa taka shi sai jarrabawa ta ƙarato. Wannan gini shi ne laburaren jami'a.

Mu kanmu mun san dalilin wannan nesantar, domin ta kanmu aka fara. Mun tashi a makarantun da littafi ɗaya yake zagaya aji guda, inda abin da ake kira laburare bai wuce kabad a ofishin shugaban makaranta ba, makullinsa kuma yana aljihunsa. Da muka isa jami'a muka ga bene cike da kantoci, sai kwarjini ya kama mu. Waɗansunmu sun shafe shekara guda suna wucewa ta bakin ƙofa, suna jin kunyar kada su shiga su yi abin da za a gane cewa daga ƙauye suka fito. Sakamakon haka muka dogara da takardun darasi da ake kira handawut, muka haddace su, muka ci jarrabawa da ƙyar. Ranar da aka ce mu rubuta kundin kammala digiri, ranar ce muka gane irin asarar da muka tafka. Ba ma so ku maimaita wannan.

Ku sani cewa waɗannan gine-gine naku ne, kuma sunayen da suke ɗauke da su sunayen magabatanku ne. Babban laburaren Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, yana ɗauke da sunan Sa Kashim Ibrahim, tsohon Gwamnan Jihar Arewa. Na Jami'ar Maiduguri ana kiransa Laburaren Ramat. Na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuwa sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake amsawa, malamin da ya bar mana tarin littattafai a tafsiri da fiƙihu da nahawu da sha'anin mulki. Wanda ya fito daga ƙasar da ta haifi irin waɗannan mutane bai kamata ya ji baƙunta a gidan littafi ba.

Abu na farko shi ne rajista. Rajistar sashe da ta tsangaya ba su wadatar ba. Laburare yana da tasa. A makonnin farko ku je da takardar shaidar samun gurbi, da rasidin biyan kuɗi, da ƙananan hotuna, ku cike fam, ku karɓi katinku. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Wanda ya bari sai tsakiyar zango, zai tarar da ayyukan aji sun riga sun yi masa rubdugu. Haka nan idan an shirya zagayen nuna wa sababbin ɗalibai sassan laburare, ko darasin koyon amfani da shi, kada ku ɗauke shi abin cike gurbi.

Abu na biyu, ku fahimci yadda aka jera littattafai. Yawancin jami'o'inmu suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda kowane fanni yake da harafinsa. Harafin K na shari'a ne, L na ilimin koyarwa, Q na kimiyya, R na likitanci, S na aikin gona, T na fasaha da injiniyanci. Littattafan addinin Musulunci suna ƙarƙashin BP, tarihin Afirka yana DT, harshen Hausa da adabinsa kuma suna cikin PL. A gadon bayan kowane littafi akwai 'yar takarda mai ɗauke da harafi da lambobi, ita ce adireshinsa, kamar yadda unguwa da layi da lambar gida suke kai baƙo inda ya nufa. Za ku nemi wannan lamba a katalogi, ko na kati da ke cikin durowa ko na kwamfuta, ta hanyar sunan marubuci ko sunan littafi ko maudu'i. Ku rubuta ta cikakkiya, sa'an nan ku nufi kanta. Idan kun same shi, ku duba maƙwabtansa na dama da hagu, domin sau da yawa wanda ya fi amfani yana nan kusa. In kun gama, ku bar shi a kan tebur. Littafin da aka mayar a gurbin da ba nasa ba daidai yake da wanda ya ɓata.

Abu na uku, ku san sassan gidan. Akwai sashen aro, inda ake fita da littafi na ƙayyadadden lokaci. Akwai sashen ƙamusoshi da manyan kundayen bayanai, waɗanda a nan ake duba su a bar su. Akwai sashen ajiya, inda ake killace littattafan da ɗalibai suke rububinsu, a ba da su na 'yan sa'o'i. Akwai na mujallu da jaridu, da na kundayen digiri na waɗanda suka gabace ku. Ku leƙa wannan na ƙarshe tun kuna aji ɗaya, ku ga irin aikin da ake jiran ku yi nan gaba.

Mun san a zukatanku kuna cewa komai yana cikin waya. To, ku sani manyan mujallun bincike da yawa a kulle suke, sai da kuɗi masu nauyi, kuma ta hannun laburare ake samun makullinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin HINARI a 2002 domin cibiyoyin ƙasashe masu tasowa su samu mujallun likitanci, Hukumar Abinci da Aikin Gona kuma ta biyo da AGORA a 2003. Akwai JSTOR, akwai AJOL mai tattara mujallun Afirka. Ku je sashen kwamfutoci ku tambayi waɗanda jami'arku take da izinin shiga. Ku kuma yi hattara da manhajojin da ke rubuta amsa nan take, domin sukan ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba. Duk abin da kuka ɗauko, ku rubuta sunan marubucinsa da shekara da shafi. Kwafar aikin wani ba tare da ambatonsa ba sata ce, tana iya jawo wa ɗalibi soke aikinsa ko kora.

Ma'aikatan laburare ba masu gadin littafi ba ne kawai. Fannin suka karanta, kuma domin ku aka ajiye su. Ku gaishe su, ku faɗi buƙatarku ba tare da jin nauyi ba. Matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan ku riƙe amana: kada ku yage shafi, kada ku ɓoye littafi don hana 'yan ajinku, kada ku ba da aron katinku. Ku mayar da littafi a ranarsa, domin akwai tara, kuma wanda laburare yake bi bashi ba ya samun sa hannun sallama ranar da zai karɓi shaidar kammalawa.

Yanzu sai mu juyo gare mu, mazauna birane. Ɗalibin da ya sauka a gidanmu a Zariya ko Kano ko Sakkwato, kada mu tsaya ga tambayarsa ko kuɗin abinci ya ishe shi. Mu ce ya nuna mana katin laburarensa. Waɗanda suke aiki a jami'o'i su ware yini guda su kama hannun sababbin zuwa su shiga da su. Littattafan da 'ya'yanmu suka gama da su, waɗanda ƙura take ci a gidajenmu, mu tattaro su mu miƙa wa kwamiti domin makarantun sakandarenmu, ta yadda masu tasowa za su saba da kanta tun daga gida.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya ja zamanin Hakimi, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.