JAWABI BISA EKIP DA MASU GOYON BAYANTA IN NASARA TA DAƊE BA TA ZO BA





Biro ya nemi mu malaman lakkol mu yi magana bisa abin da kowa ke gani. Ekip ɗin garinmu ta daɗe ba ta ci komi ba. Ƴan wasa na zuwa fili ranar lahadi, masu kallo ba su zuwa. Har wasu sun kawo shawara a daina kotizasiyon ɗin balo, a maida kuɗin wani wuri. Kafin a yanke, muna so mu ba ku labarin wata ekip ta ƙasar Faransa wadda dattawanmu sunka sani ta rediyo, don abin da ya same ta ya ishe mu darasi.

Sunanta Santetiyan, sunan garinta ke nan, kusa da Liyon. Gari ne na talakawa ma'aikata, masu haƙar gawayin ƙasa da masu ƙera bindigogi da kekuna. Rigar ekip ɗin tsanwa ce. Tsakanin 1957 da 1981 ta ci shampiyona na Faransa sau 10, ta ci Kup na Faransa sau 6. Sai a 2023 wata ekip, ta Pari, ta wuce wanga adadi na 10.

Abin da ya sa mutanen ƙasashenmu sunka so ta, ɗiyan Afirka sun yi suna cikinta. Rashid Makhlufi na Aljeriya ya bar ta a 1958 ya tafi ekip ɗin masu neman ƴancin ƙasarsa, ya komo a 1962. Salifu Keita na Mali ya iso a 1967 daga Bamako. Da ya sauka filin jirgin sama na Pari bai iske mai tarbonsa ba, sai ya shiga taksi ya ce a kai shi Santetiyan, tafiyar wajen kilomita 500, ekip ta biya kuɗin. A 1970 shi ne ɗan wasa na farko da anka ba Ƙwallon Zinariya na Afirka. A shekarar wasa ta 1970-1971 ya jefa ƙwallo 42 raga cikin shampiyona. Allah ya yi masa rasuwa a Bamako a 2023.

Ranar 12 ga watan Mayu 1976 Santetiyan ta buga final na Kup na Turai da Bayan Munik ta Jamus a birnin Gilasgo. Sau biyu ƙwallonta na bugun sandar raga yana komowa. An ci ta 1 da 0. Duk da haka, wanshekare mutanen Pari sunka cika babban titinsu suna yi ma ƴan wasan tafi, shugaban ƙasa ya karɓe su fadarsa. A wannan zamani kowa ɗan Santetiyan ne.

To, sai bango ya tsage. A 1982 anka gano shugabannin ekip na da wani asusu a ɓoye, wanda ba ya cikin lissafi, ana biyan ƴan wasa da shi ta bayan fage. Perzida Roje Roshe, wanda ya riƙe ta tun 1961, ya sauka, har an tsare shi gidan kaso. Manyan ƴan wasa sunka watse, Mishel Platini ya tafi Italiya. A 1984 ekip ta faɗa aji na biyu. Kun san a balo ba kamar lakkol ba ne, inda yaro ke maimaita aji: can baya ake maida ka. A daidai waɗannan shekaru garin ma ya shiga wahala. An rufe ramukan gawayi, babban izin ɗin bindigogi da kekuna, wanda sunansa ke bisa rigar ƴan wasa, ya karye.

Ku ji yadda abin ya ja. Ta hau a 1986, ta sake faɗuwa a 1996. A 1997 da 1998 saura kaɗan ta gangara aji na uku, estad ko rabi ba ya cika. Ta hau a 1999, ta faɗi a 2001 bayan an kama wasu ƴan wasanta da fasfo na jabu. Ta hau a 2004. Sai a 2013 ta sake ɗaukar wani kup, shekara 32 bayan na 1981. Ta faɗi a 2022, ta hau a 2024, ta sake faɗuwa a 2025. Yaron da anka haifa shekarar shampiyona na ƙarshe ya wuce shekara 40 bai ga wani ba.

Cikin wagga doguwar rani, masu goyon baya sun kasu kashi uku.

Kashi na farko su ne masu bin nasara. Ba ekip suke so ba, daɗin cin suke so. Da cin ya ƙare sunka sauya riga. A Faransa sun koma Bordo, sannan Marsai wadda ta ci Kup na Turai a 1993, sannan Liyon, sannan Pari. Nan wurinmu ma, ku duba fada ko gidan kallo: rigar Barsa da ta Madrid da ta Shelsi kuke gani, tsanwar riga ta ɓace. Ba mu zarginsu. Wanda ke nesa ba shi da abin da ya ɗaure shi sai sakamako.

Kashi na biyu su ne masu fushi. Suna son ekip, amma son ya zama wuta. Ranar 29 ga watan Mayu 2022, da Ozer ta kada Santetiyan a bugun fenaliti ta maida ta aji na biyu, wasu sunka afka fili suna jifa da wuta wajen da shugabanni ke zama. Me ya biyo baya? An zabge ma ekip maki 3, an sa ta buga wasanni estad a rufe, ba mai kallo ba kuɗin ƙofa. Fushin bai cuci kowa ba sai abin da suke so.

Kashi na uku su ne mutanen gari, waɗanda ubansu ya kai su fili suna ƙanana. Manyan ƙungiyoyin magoya baya guda biyu na wagga ekip, a 1991 da 1992 anka kafa su, wato shekara 10 bayan nasara ta ƙarshe, lokacin da ba abin alfahari. Saboda irinsu ne ko a aji na biyu estad ɗin Santetiyan ya tara jama'a fiye da na wasu ekip na aji na ɗaya. Ba don su ba, da sunan ya mutu tuni.

Ga abin da muke so ku riƙe. A 1976 an ci ekip, mutane sunka yi mata tafi. Bayan 1982 anka fara ja da baya. Ashe ba kaye kaɗai ke korar mutum daga fili ba. Mutum na iya haƙuri da kaye in ya ga an yi gumi kuma an riƙe amana. Abin da ba ya haƙuri da shi shi ne ya ba da kuɗinsa da ranarsa, bai san inda sunka tafi ba, bai kuma ga alamar gobe za ta fi yau ba. Manomi na sake shibka bayan fari don ya san gonar tasa ce. Amma in ya ji ɓera na cikin rumbu, hannunsa zai yi sanyi.

Mu duba namu. A watan Oktoba 2010, da Mena ta ci Masar 1 da 0 a Yamai, har ta samu zuwa Kup na Afirka na 2012 da na 2013, ba wanda anka roƙa ya goyi bayanta. Goyon baya ranar daɗi ba wuya. Ekip ɗin garinmu kuwa ba ta da magoya baya na nesa. In mu mutanen gari munka bar ta, ba wani mai zuwa ya ɗauka. Ranar da ta mutu, ba balo kaɗai za mu rasa ba. Za mu rasa wurin da yaranmu ke taruwa da la'asar gaban idon manya, da abu guda da ke sa saurayin da ya tafi cin rani ya yi waya gida ya tambayi labari. Mu malamai mun san yaran da ke cikin ekip: sun koyi zuwa kan lokaci, sun koyi jin maganar arbitir ko ba ta yi musu daɗi ba.

Don haka muna kawo ma taro shawara huɗu.

Ta ɗaya: kada a daina kotizasiyon, amma ma'aji ya karanta shiga da fita gaban taro kowane wata, a kuma buga su cikin wagga takarda tamu, ko dala ɗaya ce. Ba don muna tuhumar kowa ba; ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta biyu: a bar ɗauko ƴan wasan haya daga wasu garuruwa don kup guda. A kafa ekip ta ƙanana daga yaran lakkol da na makarantar allo. Mu malamai mun ɗauki horonsu a lokutan da ba karatu. Uwa da uba ba su ƙin zuwa kallon ɗansu.

Ta uku: masu goyon baya su yi nasu biro, su riƙe sharar fili, da ruwan sha, da tarbon baƙi. Wanda ya sa hannu cikin aiki ba ya saurin juya baya.

Ta huɗu: duk wanda ya zagi arbitir ko ya jefi baƙo, dattawa su hana shi fili. Baƙon da anka jefa ba ya komowa, mu ma ba za a gayyace mu ba.

Ba mu yi muku alkawarin kup bana ko baɗi ba, wannan na hannun Allah. Abin da ke hannunmu shi ne lissafi a fili da zuwa ranar lahadi. Dattawa, muna roƙonku ku fara zuwa. Inda kunka zauna, samari za su taru.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana haɗin kai, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.