HAƘƘIN WANDA YA TASHI DAGA JINYAR ANNOBA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, annobar korona ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020, ta iso Sakkwato a watan Afrilu, inda aka keɓe masu ɗauke da ita a cibiyar Amanawa. Wasu Allah Ya karɓi abinsa, da yawa kuma aka sallame su. To amma lafiyar jiki daban, natsuwar zuciya daban.

Wanda ya yi kwanaki a keɓe, ba mai gaishe shi sai ma'aikaci cikin rigar kariya, sa'annan ya koma unguwa ya tarar ana gudunsa, lalle ya ɗauko wani ciwon da ido ba ya gani. Alamominsa su ne rashin barci, faɗuwar gaba, yawan mantuwa, da ƙin shiga mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar.

Kuskurenmu shi ne gaggawar yanke hukunci. Wani ya ce raunin imani ne, wani ya ce aljannu ne, alhali cuta ce mai magani, kamar zazzaɓi. Neman magani kuwa ba ya warware tawakkali.

Saboda haka abu uku ya hau kanmu. Na ɗaya, kada dubiya ta ƙare ranar sallama. A ci gaba da ziyara, a saurari mutum ba tare da tsangwama ba. Na biyu, in alamomin suka wuce mako biyu, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a kai shi ga likita, a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na uku, a tsare masa mutuncinsa, kada a kira shi mahaukaci. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ma ta hana nuna masa bambanci.

Wannan haƙƙi ya shafi waɗanda suka tsira daga sanƙarau da kwalara, domin annoba ba ta yin sallama.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.