Amanar Sunaye: Lacca a Kan Rajistar Mambobin Ƙungiyoyin Sa-kai

 

An nemi in yi bayani a kan wani al'amari da galibin ƙungiyoyin sa-kai ke bar wa sakatare shi kaɗai, wato rajistar mambobi da jerin adireshin imel da ake aika wa wasiƙar labarai. Ni kuwa a ganina, babu wata dukiya a hannun ƙungiya da ta kai wannan nauyi, ko da kuɗin asusu ne, domin kuɗi in ya salwanta ana iya ramawa, amma sirrin bawan Allah in ya fita ba ya komowa.

Duk wanda ya karanta babin wadi'a a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san hukuncin ajiya, cewa wanda ya ƙetare haddi a kan abin da aka ba shi ajiya, to lamuni ya hau kansa. Da wannan ma'auni nake so mu auna rajista. Mutumin da ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da unguwarsu a takardar shiga ƙungiya, ko ya cika fom a shafinta na intanet, bai mallaka mana su ba; ya danƙa su ne don wata manufa sananniya, saboda haka bai halatta a tambaye shi abin da manufar ba ta buƙata ba, balle a ba wata ƙungiya aron jerin, ko a miƙa shi ga ɗan takara lokacin zaɓe. Daga ladubban wannan aiki akwai tabbatar da yarda sau biyu: in mutum ya sa adireshinsa, sai a aika masa saƙo, ba za a shigar da shi ba sai ya amsa da kansa, don kada wani ya rubuta sunan wani ba da saninsa ba.

Bari in dakata a kan wata waƙi'a. A watan Satumba na 2015, wani asibiti a Landan mai suna 56 Dean Street, wanda ke kula da masu ɗauke da cutar ƙanjamau, ya aika wasiƙar labarai ga mutum kusan 780, sai aka zuba adireshin duka a gurbin da kowa ke gani maimakon gurbin ɓoye, kowane ɗayansu ya ga na sauran, alhali yawancin adireshin na ɗauke da cikakken suna. A 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar masu asibitin fam 180,000. Ba ɓarawo ne ya fasa ba, ba maƙiyi ne ya yi makirci ba. Gafala ce ta ɗan lokaci daga masu nufin alheri. Ku dubi girman Allah, ku ƙaddara hakan ya auku ga ƙungiyar da ke tallafa wa zawarawa ko masu jinya a garin da kowa ya san gidan kowa. Shi ya sa nake ƙin a aika wasiƙar jama'a daga akwatin imel na mutum ɗaya, ina fifita manhajojin da aka yi don wannan aiki, masu aika wa kowa tasa daban.

Sa'an nan yawan sunaye ba abin alfahari ba ne. Tun Fabrairun 2024, Gmail ya sharɗanta wa masu aika saƙo 5,000 a rana su tabbatar da asalinsu, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, sa'an nan ya wajabta musu sauƙaƙa wa mai son fita ya fita da latsawa ɗaya. Ƙaramar ƙungiya ba ta kai wannan adadi ba, amma illar ɗaya ce: jerin da ya cika da matattun adireshi da mutanen da ba su nema ba, shi ke sa a riƙa jefa wasiƙarta cikin tarkace, har masu ƙaunarta su daina ganinta. A share wanda ya ƙaura, a haɗe sunan da ya maimaitu, wanda ya rasu kuwa a cire shi da gaggawa, don kada a tayar wa iyalinsa da miki da takardar neman gudummawa.

Hukuma ma ta sa baki. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ba mutum haƙƙin janye yardarsa da neman a goge bayanansa, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin awa 72 idan aka sami ɓaraka mai haɗari.

Saura mas'alar da ta fi damuna, wato gado. Sau da yawa rajistar tana cikin kwamfutar mutum ɗaya, kalmar sirri tana cikin kansa, ranar da ya yi fushi ko ya yi tafiya ko Allah Ya yi masa cikawa, sai ƙungiya ta wayi gari ba ta san 'ya'yanta ba. Shawarata ita ce a buɗe asusun da sunan ƙungiya, amintattu biyu su riƙe mabuɗinsa, a ajiye kwafi a wani wuri mai tsaro, a sauya kalmar sirri duk ranar da aka sauya shugabanni, kuma a rubuta wannan cikin tsarin mulkin ƙungiya a zamanku na gaba.