Injin Da Ya Ƙi Tashi Bayan Gyara



Tarihin Kano ya nuna mana cewa Abagayawa, watau maƙeran da suka zauna a gindin Dala, daga Gaya suka taso suna neman tama. Ashe ke nan ba baƙon abu ba ne idan muka ɗauki misalinmu na aikin ƙarfe daga ƙasar Gaya da maƙwabciyarta Ajingi.

Mu ƙaddara wani mai injin niƙa ne a ƙauye. Injinsa ya tsufa, ya sayar da gero, ya sayo fistan da ringi da gaskit a Ƙofar Ruwa cikin birnin Kano, bakanike ya sauke injin ya sāke haɗa shi. Aka yi ta juya hannu har damtse ya gaji, inji ya ƙi tashi. Mata sun koma ga turmi, jari ya maƙale, mai inji yana zargin bakanike, bakanike kuma yana zargin kayan. Me ya kamata a yi?

Amsar tana cikin ƙirar injin. A shekarar 1897 ne injin Rudolf Diesel ya fara aiki sosai a birnin Augsburg na ƙasar Jamus. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska zuwa kamar kashi ɗaya cikin 16 na girmanta ko fiye, har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa man gas kamar hazo, ya kama da kansa. Saboda haka abubuwa uku kawai yake bukata: mai, da matsi, da dacewar lokaci. In ya ƙi tashi, ɗayansu ne ya ɓata, kuma salansa ce babbar mai shaida.

Na farko, idan ana juyawa ba hayaƙi ko kaɗan, to, mai bai iso ba. Wannan shi ya fi yawa bayan gyara, domin duk bututun da aka kwance iska ta shige shi, ita kuwa iska matsuwa take yi, ba ta iya buɗe nozul. Magani shi ne a bi hanyar mai daki-daki, daga tanki zuwa filta, zuwa famfo, zuwa nozul, ana sassauta noti har kumfa ta ƙare. A injin Lista, mai kunne yakan ji ɗan kukan nozul a duk lokacin da ya fesa. In bai ji ba, ya san inda zai nufa.

Na biyu, idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas ke fita, mai ya iso amma bai ƙone ba. A nan sai a tuhumi matsi. Wataƙila an ɗaure bawul ba a bar masa rata ba, ko bakunan ringi sun jeru layi ɗaya, ko gaskit bai zauna ba. Hannu ma yakan faɗi gaskiya: inji mai lafiya yakan turje wa mai juya shi.

Na uku, idan mai da matsi duk sun cika, saura taimin. Kiranshaf yakan zaga sau biyu kafin famfo ya fesa sau ɗaya. Wanda bai daidaita alamomin giya ba yana iya sa man ya zo lokacin da injin ke fitar da hayaƙi, kamar wanda ya kawo iri bayan damina ta wuce.

Akwai gargaɗi biyu. Kada a kara tsumma mai fetur a bakin iska don a tilasta wa inji, domin bugun da zai yi yana iya karya sabon ringi. Kada kuma a tara hannu a gaban nozul, domin feshinsa yana huda fata, har ya kai ga rasa yatsa.

Ya ku ma'aikata, da yawa daga cikinku za ku sa hannu a takardar biyan kuɗin gyaran tarakta, ko janareton asibiti, ko injin rijiyar burtsatse. Kada ku karɓi injin da aka ɗumama kafin isowarku. Ku nemi a tayar da shi a gabanku da sassafe yana sanyi, musamman da hunturu, a ɗora masa aiki, a kuma rubuta abin da aka sauya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku kuma ɗalibai, ku lura da abin da bakanike nagari yake yi: yana fara da mai sauƙi, yana sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, ba ya kwance abin da bai tuhuma ba. Wannan ita ce hanyar binciken da muke koya muku a nan jami'a, ko da yake shi a gindin bishiya ya koye ta.