Gidan Gannibal: Daga Bakin Kogin Logone Zuwa Fadar Rasha

A cikin shekarar 1742 wani babban hafsan sojan Rasha ya aika wa Sarauniya Elizabet takardar roƙo, yana neman a tabbatar masa da matsayinsa cikin manyan gidajen ƙasar. A takardar ya ce shi mutumin Afirka ne, an haife shi a wani gari da ake kira Lagon, inda mahaifinsa ke sarauta. Sunan hafsan Abram Petrovic Gannibal, kuma jininsa ne ya ba Rasha mawaƙinta mafi girma, watau Aleksanda Pushkin.

To, ina ne Lagon? An daɗe ana cewa a Habasha take. Amma a 1996 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya fito da littafi inda ya kawo hujjojin cewa garin shi ne Logone-Birni na Kotoko, a arewacin Kamaru, kudu da Tafkin Cadi, maƙwabcin Barno. Masana da yawa sun karɓi wannan ra'ayi. Kalmar birni kuwa ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe.

Yana ɗan yaro aka kama shi, aka kai shi Santambul, babban birnin Daular Usmaniyya. Daga can mutanen jakadan Rasha suka kawo shi Mosko a 1704, aka ba Sarki Bitrus Babba. Bitrus ya tsaya masa a matsayin uba sa'ad da aka yi masa baftisma a Bilniyus a 1705, ya riƙe shi a hannunsa, sa'an nan a 1717 ya bar shi a Faransa don ya koyi lissafi da ginin ganuwa da sarrafa igwa. Ya komo a 1723.

Mutuwar Bitrus a 1725 ta bar shi ba majingina. Menshikof, wanda ya riƙe ragamar fada, ya tura shi Saiberiya a 1727, har kusa da iyakar Sin. Sai da Elizabet 'yar Bitrus ta hau gadon ubanta a 1741 tauraronsa ya sake haskawa: aka ba shi riƙon birnin Rebal, wanda yanzu ake kira Talin, daga baya ya kai muƙamin cikakken janar. Tsarin muƙamai da Bitrus ya kafa a 1722 ya riga ya buɗe wa hafsoshi ƙofar shiga sahun masu asali ta hanyar aiki, ba sai ta haihuwa ba.

Abin mamaki a nan shi ne kyautar da Sarauniya ta yi masa: gandun Mihailofskoye a lardin Piskof, tare da ɗaruruwan manoman da ba su da ikon barin ƙasar ubangijinsu. Wanda aka saya jiya, yau ga shi da bayin gandu. Ba a 'yantar da irin waɗannan manoma ba sai a 1861, shekara 80 bayan rasuwarsa. Matarsa ta fari ma, wata 'yar Girka, ta sha azaba a hannunsa, abin da masu yabonsa kan tsallake.

Babban ɗansa Iban ya yaƙi Turkawa a Nabarino a 1770, kuma shi ya jagoranci ginin birnin Herson da aka kafa a 1778. Wani ɗan, Osip, shi ya haifi Nadezhda, mahaifiyar Pushkin. Mawaƙin, wanda aka haifa a 1799, bai taɓa ɓoye asalinsa ba. A gandun nan na Mihailofskoye aka tsare shi daga 1824 zuwa 1826, a 1827 kuma ya fara rubuta labarin kakan mahaifiyarsa, amma bai ƙare shi ba har ya mutu a 1837 da raunin harsashi na fito-na-fito.

Zuriyar ta bi ta 'ya'ya mata ta tsallaka Turai. A 1916 wata tattaɓa-kunnen Pushkin, ita ma Nadezhda, ta auri Joji na gidan Batanbag, kawun Yarima Filip, mijin Sarauniya Elizabet ta Biyu ta Ingila.