Idon Maƙwabci: Bakolori da Halin Mutum a Cikin Jama'a

 

An ce in yi magana kan yadda mutum yake kallon ɗan'uwansa, da yadda wani yake juya tunanin wani ko bai buɗe baki ba. Littattafan wannan fanni galibinsu daga Amurka suka zo, kuma zan taɓo biyu daga cikin bincikensu. Amma babban misalina yana nan bayan gidanmu, a Birnin Tudu.

A 1951 wani malami mai suna Solomon Asch ya tara mutane a ɗaki, ya nuna musu layuka, ya ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Ko yaro ba zai kuskure ba. Sai dai duk na ɗakin an haɗa baki da su su faɗi ƙarya, ban da mutum ɗaya da bai san dawan garin ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin irin waɗannan mutane sun bi ƙaryar jama'a, alhali ido yana ganin gaskiya. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak ya riƙa faɗin daidai, sai bin ya ragu ƙwarai. Ku riƙe mini wannan mutum ɗaya, za mu sake haɗuwa da shi.

An fara ginin madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978. Ruwa ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun, aka tashi mutane kusan 13,000. A ƙasan madatsar kuma, wajen Talata Mafara da Bakura, motocin tura ƙasa suka share gonaki suka baje su, don a ja hanyoyin ruwa. Damina ta wuce wasu ba su shuka ba.

Nan nake so mu ɗan zauna. A wurin injiniya, iyakar gona layi ne a takarda. Manomi kuwa ya san iyakarsa da ɗorawar da kakansa ya bari, da jerin gamba, da dutsen da aka kafa ranar da dattawa suka raba gardama tsakanin gida biyu. Iyakar nan ita ce shaidar cewa ni da wane mun daɗe da fahimtar juna. Ranar da aka tumɓuke ta, an tumɓuke wannan shaida. Da aka zo rabon fili da biyan diyya, kowa ya dawo yana leƙen hannun maƙwabcinsa: nawa aka ba shi, me ya sa nasa ya fi kusa da ruwa? Ɗan Adam yana iya haƙurin asara in ta zama ta kowa, shi ya sa fari ba ya raba gari. Abin da ba ya haɗiyuwa shi ne a ce ni aka rage wa, wane aka ƙara wa, kuma babu wanda ya zo ya yi mini bayani.

A watan Nuwamba 1979 manoma suka kai kukansu gaban Gwamnan Jihar Sakkwato, Shehu Kangiwa, ya yi alkawarin share musu hawaye. Da suka ga shiru, suka tare hanyoyin aikin. Ku tuna fa su waye: talakawan da aka rena da kunya da girmama hukuma, masu cire takalmi tun daga ƙofar fada. Babu ɗayansu da zai tsaya gaban motar gwamnati shi kaɗai. Amma da wani ya tsaya, na biyu ya ga ashe ba shi kaɗai abin ke ci ba, kunyar da take hana fita sai ta koma kunyar zama gida.

A ƙarshen Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga, suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, masu bincike suka ce sun haura 380. Allah ya jiƙansu.

Su ma masu bindigar 'ya'yan talakawa ne, kuma ba uzuri nake nema musu ba. Stanley Milgram ya gwada a Jami'ar Yale daga 1961: mutum 26 cikin 40 suka bi umarni har suka danna abin da suka ɗauka wutar lantarki ce mai iya kisa a jikin wanda ba su sani ba. Da ya sa abokan aiki biyu suka ƙi a gabansu, mutum 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe. Ina yawan tunanin layin 'yan sandan nan, kowa yana satar kallon na gefensa, yana jiran wanda zai fara sauke bindiga.

Yau ma abin yana nan a bakin ruwa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a gyaran Bakolori ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya sun san shi sarai: manomin da ke sama ba ya fasa hanyar ruwa da dare in ya san gobe zai haɗa sahu da na ƙasa a masallaci, kuma wani ya gan shi.

Ƙannena ɗalibai, waɗanda suka ga 1980 da ƙuruciyarsu yanzu sun tsufa, kullum raguwa suke yi. Ku je Birnin Tudu da Maradun, ku durƙusa ku gaida su, ku nemi izini kafin ku kunna waya. Kada ku tsaya ga tambayar mutum nawa suka mutu. Ku tambaye su wane ne ya fara jan icce ya gitta a hanya, wane ne na biyu, kuma me na biyun ya gani a fuskar na farko.