Labarin Lafiya A Waya: Mu Tace Kafin Mu Tura



Yau kowannenmu da waya a aljihu, labaran cuta da magani na shigowa ba dare ba rana, har mutum ya rasa na kamawa. Mu tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola. Saƙo ya zagaye ƙasa cikin dare, wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Da yawanmu mun yi, har muka tura wa dangi. Gishirin ya kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasu, alhali cutar ba ta wuce Legas da Fatakwal ba.

To jama'a, a kasuwar shanu ba ma sayen sa sai mun dudduba shi. Haka labarin lafiya. Mu riƙe wuri biyu kawai: hukumar NCDC kan annoba, NAFDAC kan jabun magani. Mu duba sau ɗaya a rana, bayan isha'i. Abin da ya shafi jikinmu kuwa, sai likita. Saƙon da ba mu san tushensa ba, ya tsaya a wayarmu.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.